Ƴaƴan Rijiyar Arewa

Magana ta bazu a kasuwar Issawane cewa ƙyandar da ta shiga rugar su Harisu ba ta Allah da Annabi ba ce. Zaɓe take yi. Yara suna kwana tabarma ɗaya, ta ɗauki wannan ta tsallake wancan. Kuma duk wanda ta kayar, an haife shi ne a bakin wata tsohuwar rijiya can arewa, shekarun da fari ya kora garken. Wai mai rijiyar ce ta biyo ƴaƴanta.

Gwaggo Rukaiya, wadda ta tsufa tana aikin likita a Mayahi, ta ji, ta hau amalanken jaki.

Ta tarar da rugar tsit da rana tsaka. Ba wasan yara, sai tari daga bukkokin da aka toshe. A bayan wata bukka akwai ƙananan kaburbura, ƙasarsu ba ta bushe ba. Safi, matar Harisu, tana ɗaure kaya za ta gudu daji da Auta. Shi kaɗai ya rage a tsaye cikin ƴaƴan rijiyar.

"Gwaggo, yaron nan ƙarfi gare shi," in ji Safi. "Ko ƙaya ta soke shi, kafin gobe ya warke. In ba iska ba, me zai kada shi?"

"Wannan shinge ne, ɗiyata. Fata, majina, zazzaɓi, kowane baƙo suke tarewa, ba su san fuskar kowa ba. Wanda ya tsallake shinge fa, sai karen da ya taɓa sansanar shi."

Ta bi bukkokin tana tambayar uwaye abu ɗaya: wa aka yi wa allurar rigakafi? Ƴaƴan da aka goya nan kusa da gari, duka. Na rijiya, masu allura ba su taɓa kaiwa can ba.

Ta dawo ta buɗe bakin Auta, ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana duban cikin kumatunsa. Babu farin ɗigon da ke fara nuna ƙyanda tukuna.

"Kwance kayan nan. Likita za mu, yanzu, a yi masa allura."

Safi ta dubi arewa, sannan ta ɗora yaron bisa amalanke.

Babu kowa a cikin rijiyar. Yaran da aka haifa can ba a yi musu rigakafi ba, jikinsu bai san ƙyanda ba.