Zare a Kan Duwatsun Azbin

Duk abin da Malam Shitu na Tarai ya mallaka, babu wanda yake ji da shi kamar tsohuwar taswirar duwatsun Azbin. Da ƙuruciya, lokacin da yake jan motar kuza daga mahaƙa a can cikin hamada, wani Bafaranshe ya bar masa ita. Takarda ce manne da ƙyalle, kowane dutse an zana shi zobe cikin zobe. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa ta a tabarma, ya bi hanyoyin da ido, yana kiran sunayen abokan aikinsa da suka riga mu gidan gaskiya.

To, ido ya tafi. Asibiti a Kano suka ce sai haƙuri. Ya daina buɗe taswira, ya daina hira, tuwo ma sai an yi da gaske.

Abin ya tsaya wa matarsa Fanta a rai. Ita ko boko ba ta sani ba, balle Faransanci, amma fa a ɗinkin hula duk yankinsu na Kibiya babu na biyunta. Ta ɗauke taswirar a ɓoye, ta zura zare a allura. Zobban duwatsu ta bi su da siririn ɗinki, hanyoyi da mai kauri, kowace rijiya ta yi mata ƙulli. Allura na sukarta, tana tsaki tana ci gaba.

Ranar da ta gama, ta ɗora masa a cinya.

"Fanta! Huda ta kika yi?"

"Kai dai shafa, Malam, ka bar faɗa."

Ya shafa. Yatsa ya hau dutse, ya gangara, ya tsaya kan ƙulli.

"Rijiyar da Ramalan yaron motata ya saki guga har da igiya!" Ya yi dariya har da hawaye.

Can ya ci karo da wani layi mai kauri, miƙe samɓal daga arewa zuwa kudu, ya ratsa duwatsu kamar babu su.

"Wannan fa? Ai babu hanya a nan."

Ashe sawun ninkin takarda ne baiwar Allah ta ɗauka hanya ce. Kunya ta rufe ta.

"Kawo in warware."

Ya riƙe gam. "Ina! Da akwai ta a lokacin, da ban bar ki da tsohon ciki kin haihu ba na nan ba. Bar min kayata."

Ya bi ta da yatsa a hankali, kudu, kudu, har takarda ta ƙare ya sauka kan hannun Fanta.