Faifan da Ya Dace da Hannun Muntaka

Shekara biyu Muntaka, direban wani kamfani a Jidda, yana wasan jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe da abokan aikinsa, kullum shi ne na ƙarshe. Faifan dogon zango yake ɗauka, iskar teku ta kwashe shi ta yar bayan katanga. Wata Alhamis ya ce ya haƙura.

Badaru, dattijon da ke gadin filin, ya miƙo masa wani faifai shuɗi mai kaurin baki, na matsakaicin zango. "Yalla, zo ka gwada wannan, ɗana. Kada ka sa ƙarfi."

Muntaka ya sake shi a hankali. Faifan ya tafi sambal, ya faɗa kwando. Ya sauke ajiyar zuciya yana dariya. "Halas, shi ke nan, Baba, na samu nawa."