An Yi Wa Jamku Sadakar Sha Biyu

Shekara goma sha huɗu Jamku ta yi tana hawa matakalar kotuna, amma ranar Litinin ɗin da babbar kotun jiha ta yanke hukunci, ko minti goma ba a yi ba. Alƙali ya karanta da Turanci, kansa a sunkuye, ya ture fayil gefe ya kira na gaba. Ita tana can baya, mayafi har haɓa, ba ta tsinci komai ba sai sunanta, shi ma an karya shi. Sai da suka fito baranda lauyanta, Bohra, ya tuɓe baƙar rigarsa yana share gumi, ya kira ta da lafazin girmamawa ya ce, "Baiji, kin ci! Takardar nan da kika dangwala wa yatsa ba a yi mata rajista ba, yanzu sai dai a ƙunshe gyaɗa da ita. Biga takwas a gonar mahaifinki naki ne halak malak." Biga shi ne ma'aunin gona a wajenmu.

Jamku ba ta yi murna ba. Ƙarshen barandar take kallo, inda wanta Hanwanta yake gyara rawani, ƙaninta Girdari na tsaye bayansa riƙe da jakar takardu. Suka wuce ta gabanta har gefen rigar Hanwanta ya shafi hannunta, ba wanda ya ɗaga ido.

Kowa a ƙasarmu ta Marwar ya san yadda ake yi. In uba ya mutu, ranar sadakar sha biyu, wato kwana goma sha biyu da rasuwa, sai a tara dangi, a kawo takardar hatimi, 'ya mace ta dangwala yatsa cewa ta yafe wa 'yan'uwanta maza rabonta na gona. A sa mata alewar laddu a baki, a ce ga 'yar halak. Su kuma mazan sun ɗauki nauyin mayra ke nan: ranar da za ta aurar da ɗa ko 'ya, su zo da gayya da kayan amarya, su rufa mata mayafi a ƙofar gida, dangin miji na kallo. Wadda ta aurar da 'ya ba kawu a wurin, har ta mutu da baki ake nuna ta. Haka Jamku ta dangwala nata yatsan tana kukan mutuwar uba, ba ta ko tambayi abin da ke rubuce ba.

Bayan shekara huɗu ƙurar dutse ta cinye huhun mijinta, wanda ke sassaƙa a mahaƙa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Sarla, da ɗaki guda mai yoyo. Ta je wurin Hanwanta roƙon aron biga biyu ta shuka gero. Aro fa, ba kyauta ba. Yana zaune kan gadon igiya yana zuƙar taba, ya dube ta sama da ƙasa ya yi dariya ya ce, "Yatsan naki ya manta abin da ya yi ne?" Wannan dariyar ce ta kai ta ofishin Bohra. Mutumin da rijiyar burtsatsensa ke shayar da biga talatin ya hana ƙanwarsa biyu, amma in ka ji shi a gindin bishiya yana wa yara huɗubar zumunci sai ka ba shi ajiyar ranka.

Duk tsawon shari'ar Jamku ba ta taɓa yarda cewa ta rabu da gidansu ba. A ganinta kotu daban, gida daban, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kowace shekara in bikin ɗaura zare ya zo, ranar da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zaren zumunci a hannu, sai ta aika wa 'yan'uwanta nasu zaren ta gidan waya, ko da ba amsa. Sau ɗaya, a shekara ta shida, Girdari ya faki idon wansa ya ajiye mata kofin shayi a bencin kotu ya gudu. Da wannan kofin ta yi ta rarrashin zuciyarta har shekara takwas.

Yanzu ga hukunci ya fito, ga bikin Sarla saura sati uku. Sarla malamar makaranta ce, shekararta ashirin da huɗu, bakinta kuwa ba ya ajiye magana. Ta tarar da uwarta tana shirya kwandon gayyata, mazarƙwaila curi biyu da kwakwa da shinkafa, kamar yadda kowace mace ke kai wa gidan ubanta.

"Maa, ina za ki da wannan?"

"Gidanmu mana. A yi bikinki ba kawunanki?"

"Kawunan da ban san kalar shayin gidansu ba? Ki bar su. Ni ko karen unguwa ne ya rufa miki mayafin, na yarda."

"Rufe min baki, marar ta-ido! So kike surukarki ta riƙa yi miki gori har ki tsufa, ta ce uwarki ba ta da asali? Ai na gama shawara. Biga uku ya ishe mu. Biyar zan mayar musu, a ofishin rajista, da shaidu, yadda ba alƙalin da zai sake warwarewa. Ni dama ba gonar nake so ba, so nake Bhaisa, babban yayanmu, ya san ni ma 'yar gidan ce."

Sarla ta yi tsaki ta buga mata lambar Girdari. Ya ɗauka. Jamku ta ce, "Girdari, Jijinka ce, yayarka. Ina so in kawo gayyatar Sarla." Sai ta jiyo muryar Hanwanta daga nesa, a sake, har da ɗan fara'a: "Ce mata ta zo ran Juma'a ta sama. Gida zai cika, kowa zai gan ta."

Rabon Jamku da farin ciki irin wannan tun haihuwar Sarla. Ta wanke zaninta mai kyau, ta saya wa uwarsu, tsohuwa Dapu, man zafi na gwiwa. Ran Juma'a ta shiga motar safe ko karyawa ba ta yi ba, wai sai ta ci na gidansu.

Daga titi zuwa ƙauyen tafiyar rabin awa ce cikin yashi. Tun daga nesa ta hango rumfa a ƙofar gida da hayaƙin manyan tukwane, ta ce a ranta lallai Bhaisa ya yi abin girma. Da ta matso sai ta ga maza jere a kan tabarmi, kowa da farin rawani. Farin rawani a wajenmu ba na biki ba ne. Ta ce a ranta shi ke nan, Maa ta tafi ba su gana ba.

Ta kama hannun Mangilal, tsohon wanzamin gidansu, wanda ya san ta tun tana tatata. "Kaka, wa ya rasu? Maa ce?"

Tsohon ya zare hannunsa, ya juya fuska ga bango.

Sannan ta ga kujerar da aka ɗora a tsakiyar rumfa. Hoto ne a kai cikin gilashi, an rataya masa furanni ruwan ɗorawa, turare na hayaƙi a gabansa. Hotonta ne, na ranar auren Girdari, tana dariya. Jamku ba ta iya karatu ba, amma shekara goma sha huɗu na ɗage zama sun koya mata karanta kwanan wata. Wanda ke ƙasan hoton na ranar Litinin ɗin hukunci ne. Ta ƙirga da yatsu, yau kwana goma sha biyu cif.

Hanwanta ya fito daga zaure, kansa an yi masa aski ƙwal, kamar yadda ake wa wanda ya yi rashi. Girdari na biye da shi, shi ma haka. Girdarin da ta goya a kwankwasonta har ya yi ƙafa, ta tauna masa gurasar gero ta sa masa a baki.

"Bhaisa," ta ce, "mene ne wannan?"

Hanwanta bai dube ta ba. Jama'a ya duba. "Wa ya san baƙuwar nan? A ba ta wuri ta zauna, yau ba a korar kowa. Sadakar ƙanwata ce."

"Ni ce Jamku! Ga ni a gabanka da raina!"

"Jamku ta rasu a babbar kotu, a gaban idona. Alƙali ne ya yi mata wanka." Wani a cikin tabarmi ya yi dariya, aka zungure shi.

Ta ajiye kwandon ta durƙusa ta kama ƙafafunsa. Duk jawabin da ta shirya a mota ya zube, sai gutsattsari. "Bhaisa, biga biyar zan mayar. A'a, takwas ɗin duka! Yau ma mu je rajista in dangwala, da shaidu. Ka zo bikin Sarla kawai. Ko ba ka kawo komai ba, ka tsaya a ƙofa ka rufa min mayafi, ka juya."

Ya ja ƙafarsa a hankali kamar mai gudun taka kashin shanu. "Ku ji fa. Yaushe gawa ta fara dangwala yatsa? Gonar kuwa ta riƙe abarta, ai kotu ta ba ta. Mu ga wanda zai ba da hayar tarakta ga fatalwa, mu ga wanda zai sayar mata da ruwa ko guga ɗaya. Jama'a, a ci abinci, kada ya huce."

Ta juya ga Girdari. "Kai ma? Kai ma ka ba wanzami kanka saboda ni?" Girdari ya kafa ido a yatsun ƙafarsa, hawaye na ɗiga daga hancinsa. Kukan nasa bai amfane ta da komai ba, don kuwa shi ya ɗauki bokitin miya ya shiga zuba wa baƙi.

Jamku ta kutsa cikin gida. Mata na zaune a tsakar gida, mayafi a fuska, suna kukan makoki irin na al'ada, mai tashi da sauka. Da ta shigo kukan ya tsaya cak. Uwarta na jingine da turmi, ta rame, yanar ido ta rufe mata gani. Jamku ta faɗa jikinta. "Maa! Maa, ni ce."

Hannun tsohuwar ya hau fuskarta yana lalube, goshi, hanci, har ɗan tabon da ke haɓarta. Ya tsaya a nan. Ta gane ta sarai. Amma matar Hanwanta na tsaye a kansu, hannu a ƙugu, kuma daga tukunyarta tsohuwar ke ci safe da yamma.

"Maa, ki yi masa magana. Wa zai rufa min mayafi ranar bikin Sarla?"

Dapu ta janye hannunta ta cusa cikin zani. Da ta yi magana, ƙasa-ƙasa ta yi, kamar da turmin take. "Akwai mayafin da na saya wa 'yata tun ranar da aka haifi jikata, yana ƙasan akwatina. Shi suka naɗe mutum-mutumin ciyawa da shi, suka kai bakin tafki suka ƙone a madadin gawarta. Ni na ba su makulli." Ta juya mata ƙeya. "'Yata ta mutu, baiwar Ubangiji. Ki tafi gida."

Jamku ta zauna daɓas. Kuka ya ƙi zuwa.

A wajenmu ranar sha biyu akan dafa abin da mamaci ya fi so, a zuba a ganye a ɗora kan rufin ɗaki, hankaki ya ci a madadinsa. Matar Hanwanta ta hau tsani ta sauko da ganyen, ta dire shi a gaban Jamku.

"Tun safe muke kiran hankaki ya ƙi zuwa, ashe mai abin ce za ta zo da ƙafarta. Ci mana, Baisa, ƙanwar maigida. Ba kowace gawa ke samun ɗanɗana nata ba."

Wasu matan suka ƙyalƙyale a ƙarƙashin mayafi. Lapsi ne, faten alkama da mazarƙwaila da man shanu, ya yi sanyi, ƙuda na bi. Jamku ta dube shi ta dubi uwarta, wadda ta juya mata ƙeya. Ko yunwa ce, ko taurin kan nan da ya kai ta babbar kotu, ita ma ba ta sani ba, sai ta sa yatsa ta kai baki.

An bar shi ya ɗan kama a gindin tukunya, har da ƙanzo a ciki. Duk gidan ba mai cin lapsi haka sai ita, kuma ba mai dafa mata shi haka sai mutum ɗaya. Tsohuwar da ba ta gani ce ta tashi da asuba ta hura wuta, ta tsaya a kan tukunyar har ya kama yadda 'yarta ke so.

Jamku ta cinye shi tas, ta lashe ganyen. Sannan ta miƙe ta bi ta tsakiyar masu cin sadakarta ta fita, don motar ƙarfe biyu ba ta jira, kuma dole ta je ta gaya wa Sarla cewa ba kawun da zai zo.