Kafaɗun Ladan Halliru

Shekara goma sha ɗaya Malam Halliru yana kiran assalatu a masallacin unguwarmu nan Illela, bai taɓa makara ba. Mutane suka ce waliyyi ne mai raya dare. To, a bar mutane da faɗarsu. Matarsa Hindatu ce ta san gaskiya, ni kuma katanga ɗaya ce tsakanina da su, katangar ma ba ta da kauri.

Da ƙuruciyarsa dako ya yi a kasuwar Lahadi, yana sauke buhunan gero da wake daga motocin Ƙonni. Buhu ya sauka tuntuni, nauyin ne bai sauka ba. Ciwo ya zauna masa a naman kafaɗa da gadon baya. Ya kwanta ta dama ya ji kamar ana murɗa shi, ya juya hagu haka. Sai ya haƙura ya koma bisa buzu, ya ɗora butar shayi a gawayi, yana jan tazbaha don lokaci ya tafi. Wanda ke zaune ido biyu kuwa, ina zai makara? Wanzami ya yi masa ƙaho har babu sauran wurin tsagawa. Hindatu ta murza man shanu har hannunta ya yi kanta.

Ana saura wata biyu azumi, autarsu Mu'minat ta zo hutu daga Sakkwato, inda take aikin jinya. Ta ga uban ya kasa ɗaga hannu ya sa riga.

"Baba, awa nawa kake barci?"

"Mi ya kai ki ƙidayar barcin tsoho?"

"Inna ta ce biyu ba ya cika."

"Innarki da baki!"

"Baba, da barci jiki ke ɗinke abin da wuni ya yaga. In ba ka runtsa ba, ciwon gobe ya fi na yau, in ya fi kuma ya sake hana ka runtsawa. Jakuna biyu ne a igiya ɗaya, kowane na jan ɗan'uwansa rami."

Ta matsa har ya bi ta wurin likita. Aka ba shi ƙwaya ɗaya bayan isha'i, aka ce a gasa kafaɗun da ruwan ɗumi, ya riƙa miƙe jiki da safe, shayi kuma daga la'asar an rufe.

Wallahi kamar wasa. Mako uku sai ga Hindatu ta leƙo ta katanga tana dariya da hawaye.

"Yaya, yau Malam da kansa ya sa babbar riga. Har akuya ya sunkuya ya ɗaure!"

Sai azumi ya kama. Unguwar nan tamu ba mu san wani agogon sahur ba sai muryar Malam Halliru. Ran huɗu ga wata, shiru. Wayarsa ta yi ta kuka har ta gaji, bai ji ba. Hindatu ma da ta samu hutun tausa, barci ya yi gaba da ita. Ba mu farka ba sai da muka jiyo ana tayar da salla a masallacin bakin tasha. Rabin unguwa muka yi ɗore, ko ruwa ba mu kurɓa ba, ga ranar Illela. Ban ɓoye muku ba, ni ma na yi mita. Na ɗaga murya ta katanga na ce, "Hindatu, Malam ya yi arziki ne ba mu sani ba?" Har yau maganar nan tana cizona.

Ran tara ga wata ya sake makara.

Maigidana ya ba ni labarin abin da ya faru bayan la'asar a ƙofar masallaci. Liman Abdulmalik ya gyara zama a gaban jama'a ya ce, "Malam Halliru, ba faɗa ba ne, amma mutane sun yi magana. In jiki ya gaji, ga Usama ɗan ƙanena ya dawo daga karatu, murya gare shi. In aka sake makara, sai mu ba shi ladancin."

Wani mai kanti ya ce, "Da dai Malam dare yake rayawa, yanzu ya gano daɗin katifa." Aka yi dariya.

Malam ya zura takalmansa ya nufi gida. Mi zai ce? Cewa tsayuwar daren da suka shekara goma sha ɗaya suna yabo, ciwon kafaɗa ne?

Da ya shigo gida ina jin su. Hindatu ta ce, "Malam, ka bar wa yaron kiran farko zuwa bayan salla. Ko a samu mai buga mana ƙofa."

"Ladanin da sai an tashe shi? Hindatu, mi ya rage gare ni? Gona babu, ƙarfi babu. Don kiran nan kaɗai ake ce mini Malam. In ya tafi, sai in koma Halliru ɗan dako."

"Amma ka samu lafiya."

"Lafiyar da ba a gaishe ta a ƙofar masallaci?"

Ranar ya zuba sauran ƙwayoyin a masai. Bayan buɗa baki na ji ƙanshin gawayi, butar shayi ta koma wurinta. Mu'minat ta kira waya tana tambaya ko yana shan magani. Ya ce, "Ina sha, auta," ga kofi a hannunsa.

Kwana goma bai cika ba ciwon ya dawo da kayansa. Bai ƙara makara ba.

Ranar salla Hindatu ce ta zura masa riga, hannun ya ƙi tashi. A filin idi ina kallo liman ya rungume shi, ya dafa kafaɗar nan daidai wurin, ya jijjiga.

"Alhamdulillahi, Ladan ya dawo da himmarsa!"

Malam ya cije leɓe ya ce, "Madalla."

Har gobe da muryarsa nake tashi. Kafin ita dai sai na fara jiyo Hindatu ta bayan katanga tana cewa, "Juyo ɗaya gefen, Malam, in murza."