Farin Bijimin Muhammadu Lawal

Muhammadu Lawal na Gwiwa ya rantse wa Alhaji Ashiru, wani falken shanu a Babura da ke son saye, cewa bijiminsa fari ne tas, ko ɗigo babu. Da aka tura hoton waya, wanda aka ɗauka dab da magariba, sai bijimi ya fito ja-ja. Alhaji Ashiru ya nuna wa 'yan kara, suka sha dariya, ya aiko cewa tsufa ya fara koya wa Malam ƙarya. Mutanen yanzu ke nan, sun fi yarda da gilashin waya a kan bakin dattijo.

Washegari da hantsi ya sa aka ɗauko masa Bartholomew mai hoto daga Kazaure, da babbar kyamararsa.

"Batolo, sunana za ka wanke mini yau."

"An gama, Baba. Ita kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata." Ya zaro wani kati mai ruwan toka. "Ku riƙe wannan a jikinsa, inda rana ke sauka. In na ɗauke shi, da shi za ta auna kowane launi."

Muhammadu Lawal ya riƙe, ya ƙame kamar soja. Bijimi ya waiwayo, ya miƙo harshe, ya naɗe kati ya kai baka.

"Wayyo, katina! Daga Kano na sayo shi!"

"Tofar, ɗan banza! Tofar!"

Ina! Bijimi ya lumshe ido yana tauna. Bartholomew ya dafa turke yana dariya har da hawaye.

"To Baba, a samo wani abu fari sol."

"Ga rigata, jiya aka wanke."

Aka auna da riga, aka ɗauka. Muhammadu Lawal ya leƙa bayan kyamara, ya yi salati. Bijimi ya zama rawaya kamar an tsoma shi a man shanu.

Dela, matarsa, tana leƙe ta kan danga, ta ƙyalƙyale. "Malam, ai bula na sa mata, har sau biyu, don ta yi haske!"

"Shi ke nan," in ji Bartholomew. "Kyamara ta ɗauki shuɗin a matsayin fari, ta cire shi daga komai, rawaya ta rage."

Dela ta kawo nono a ƙwarya, aka auna da shi. Wannan karon bijimi ya fito shuɗi-shuɗi, kamar wanda ya kwana a marina. Maƙwabta sun taru, kowa na miƙo nasa, wani hula, wani buhun taki, wani tsoho har da gemunsa. Muhammadu Lawal kaɗai ne bai dara ba. Gobe kasuwa, kuma labarinsa ne za a ci gaba da yi a kara.

Dela ta ce, "Kai ɗan nan, katin naka ba launin toka ba ne? Ga murhu can."

Ta tankaɗe toka a faifai, ta shafe ta da tafin hannu, ta riƙe nesa da bakin bijimi. Bartholomew ya auna, ya ja da baya, ya danna.

Fari tas! Ƙaho, tozo, har gashin jela. Muhammadu Lawal ya yi wata irin shewa da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ya cire hula ya jefa sama, ya taka rawa sau uku kafin ya tuna shekarunsa.

Aka tura. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Malam, a gafarce ni," in ji Alhaji Ashiru. "Na turo mota?"

"Kana cikin kara? Buɗe muryar kowa ya ji. Na yi ƙarya?"

"Ba ku yi ba, wallahi."

"Ƙara faɗa, na bayan ba su ji ba."

"Malam bai yi ƙarya ba!"

"Madalla. To, riƙe motarka. Bijimi mai kyau haka, ni ma ina so."