Hukuncin Bakin Bazan

Hashimu bai daɗe da zuwa Makka ta hanyar Sudan ba, ya shiga sana'ar ɗaukar ruwa a unguwar Utaibiyya. A nan, mai ruwa ba ya shiga gida sai ya ɗaga murya ya ce "Ɗariƙ!" don mata su kauce. Shi kuwa ya yi sallama a hankali irin ta gida, ya kutsa da garewaninsa, ya tarar da matan gidan ba mayafi.

Da hantsi aka tara masu ruwa a bakin bazan, matattarar da suke ɗiba. Aka shimfiɗa buzu, aka kwantar da shi ruf da ciki. Ba dukan yake tsoro ba kamar a ce an zane shi, da furfurarsa, a gaban 'yan garinsu.

Shehin masu ruwa, Ammu Yunus, wanda ba a taɓa mayar masa da magana ba, ya karɓi tsumagiya ya yi ta jujjuya ta.

"Wani Bashame, mutumin Sham, mai sayar da littattafai ya karanta mini labari," in ji shi. "Wai a Turai, shekaru aru-aru, an yi wani sarki mai wuƙa da nama a hannu. Sai ya kama karatun masu zurfin tunani, waɗanda suka ce azaba ba ta gyara mutum, tsoro kawai take koya masa. Rana ɗaya ya wayi gari ya haramta ta a ƙasarsa kaf."

Ya karya tsumagiyar a gwiwarsa.

"Haba, ya Shehi!" in ji Idris, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar. "Ni a kan buzun nan na yi hankali. Ko shawara babu?"

"Ka yi hankali? Yaushe?" Aka kwashe da dariya. "Shi ma sarkin bai shawarci kowa ba. Tashi, ya Hashimu. Ka koma ƙarshen layi har Juma'a, kullum kana kiran ɗariƙ sai an ji ka har unguwar Jarwal."

Hashimu ya miƙe. Wani sarki da ya daɗe a ƙasa, ba Musulmi ba, ko sunansa bai sani ba, yau ya tare masa bulala a Makka! Ya yi ta tasbihi a zuci. Sai da ya saɓa sandar garewaninsa ya matso kusa da Idris.

"Baba, Bashamen nan, littattafansa da yawa?"

"Shago guda."

"Allah ya sa gobe ma na kirki zai ɗauko ya karanta wa Shehi," in ji Hashimu.