Magen da Ba Ta Jin Wutsiyarta

Har yanzu Maman Auta ake ce mata, ko da yake Auta ya rasu tun bara. Mai fenti ne. Ya faɗo daga kan tsani a wani gini, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya mutu. A ɗakinta ta yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Da masu gaisuwa suka watse, sai hannuwanta suka rasa abin yi, shi ya sa ta nemi aikin shara a asibitin dabbobin da ke ƙarshen layinsu.

A can ta ga magen. Tana cikin keji a ɗakin baya, kusa da firjin magani. Ruwan toka ce, ƙafarta ɗaya fara sol kamar ta taka fenti. Kullum da safe Maman Auta za ta zaro farantin ƙarƙashin kejin ta same shi jiƙe, ita kuwa magen tana zaune cikin jiƙon tana wanke fuska, kamar ba ita ta yi ba.

"Likita, wannan me ya same ta?"

Likitan dattijo ne mai barkwanci, tabaraunsa rataye da zare a wuya. Ya ce mota ce ta take mata wutsiya tana gudu, wani direba ya naɗo ta a tawul ya kawo. Ƙafafu sun warke, amma jijiyar da ke zuwa wutsiya da mafitsara ta ja.

"Fitsarinta ba ya sallama, Mama. In ya ga dama ya zubo, in ya ga dama ya ƙi fita duka, kuma wannan ɗin ya fi haɗari. Mutum biyu sun ɗauke ta sun dawo da ita. Ta ƙarshen ma a kwali ta shigo da ita, tana riƙe da shi nesa da jiki, kamar garwashi."

"To yanzu fa?"

Ya cire tabarau ya goge. "Marasa lafiya na jiran kejin nan. Sai dai in yi mata allurar da ba a tashi."

Maman Auta ta jingine tsintsiya. "A ba ni ita."

"Mama, kin san abin da kike roƙo kuwa?"

"Na san zarni, Likita. Ɗaki ɗaya muka zauna ni da shi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗora magen a tebur, ya kama hannun Maman Auta ya kai ƙasan cikinta, tsakanin cinyoyi. "Laluba a hankali. Kin ji?"

Ta ji. Wani ɗan abu ne kamar lemon tsami, mai ɗumi, yana zillewa tsakanin yatsu. Ta matsa yadda ya nuna mata, fitsari ya tsiyayo cikin kwano. A gefen tafin hannunta kuma zuciyar magen na bugawa da sauri, ƙarama ƙwarai, ba ta tsayawa. Maman Auta ta tsaya baki buɗe. Ashe duk wannan aikin ake yi a cikin ɗan jikin da bai kai tulin tsumma nauyi ba.

"Ikon Allah," ta ce.

"Safe, rana, da yamma, kar ki tsallake. Sannan ga wani aikin." Ya ɗaga wutsiyar, ya saki, ta faɗi kamar jiƙaƙƙiyar igiya. "Kullum ki mintsine ta, da ƙarfi, ban da tausayi. Ranar da ta yi ƙara, jijiyar ta fara farkawa. In an ɗau lokaci ba ta ji ba, to ke nan."

Maman Auta ta dubi wutsiyar. Ta tuna wani likitan, na mutane, yana soka allura a tafin ƙafar Auta, shi kuwa Auta yana kallon rufin ɗaki yana cewa, "An fara?" alhali allurar ta riga ta shiga.

Da ta isa gida ta durƙusa ta jawo ledar shimfiɗar Auta da ke ƙarƙashin gado, wadda ta kasa zubarwa. Ta wanke, ta shanya, ta shimfiɗa a kusurwa, ta yayyaga tsoffin zannuwa ta yi tsummoki. Kayan sallarta ta rataye su a ƙusa can sama. Hannuwanta ba su manta komai ba: ruwan ɗumi ba mai zafi ba, a goge daga gaba zuwa baya, a busar sosai, a shafa mai kar fata ta saɓule.

Abin da ya riƙa ba ta mamaki shi ne magen ba ta san kunya ba. Auta, in ana gyara shi, bango yake juya wa fuska, ba ya magana sai an gama. Wannan kuwa za ta jiƙa shimfiɗa ta tashi ta yi miƙa, ta haye taga tana jan wutsiya a baya kamar kayan wani, ta zauna tana hararar tsuntsaye. Wata rana Maman Auta ta ɗora ƙafar kujera a kan wutsiyar ba ta sani ba, magen ta ci gaba da lasar kwano abinta. Ta daɗe tana kallonta. Rabin jiki ya yi shiru, ɗaya rabin kuma ko a jikinsa, rayuwarsa yake yi da gaske.

Ranar hutun aiki Yaya ta zo. Ita ce babbar 'yarta, kuma ita kaɗai ta rage mata. Auta ne ya sa mata Yaya, sunan ya bi ta har a bakin uwarta. Ta ɗaga labule da sallama, sai ta tsaya cak, ta ja da baya.

"Mama, mene ne wannan?"

"Baƙuwa na yi. Shigo mana."

Magen ta fito daga bayan bokiti, ɗigo na bin ta a siminti.

"Mutane na goyon jikoki, ke kin ɗauko mai fitsarin kwance!"

"Ke ma kin daɗe kina yi, ban mayar da ke ba."

Yaya ba ta yi dariya ba. Idonta na kan ledar da ke kusurwa, ta gane ta. Ta kai gefen mayafi hanci, muryarta ta sauya. "Na yi wata da watanni ina jin warin nan a abinci, a ruwan sha, har a jikin 'ya'yana. Sai kwanan nan ya sake ni. Shi ne kika je kika ɗauko shi da hannunki? Wallahi Mama, ba zan iya shiga ɗakin nan ba."

A tsakar gida suka zauna, kowa na kallon ƙasa. Maman Auta ta san 'yarta ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ta kuma san abin da ke jiran magen a ɗakin baya na asibiti. Ta yi bayanin jijiya da mintsini yadda ta iya.

"To in ba ta ji ba fa? Haka za ki ƙare kina matsa cikin mage?"

Maman Auta ta ce, "Bari wata ya ƙare. In ba ta ji ba, ki zo ki mayar da ita da kanki. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

Tun daga ranar mintsinin ya yi mata nauyi. Za ta kama bakin wutsiyar ta danna farce, magen tana lumshe ido tana ɗan gurnanin jin daɗi. Ita da ta yi shekara tana roƙon Allah ya sauƙaƙa wa ɗanta ciwo, yanzu ga ta tana roƙon wata halitta ta ji zafi. Kullum shiru. Kuma duk shirun, rufin ɗakin nan take gani, da Auta yana tambaya ko an fara. Daga baya ta daina. Tana matsa mafitsara, tana wanki, tana shafa mai, amma wutsiyar sai dai ta wanke ta ta ajiye. Likita ya tambaye ta sau ɗaya tana goge tebur, ta ce, "Da sauƙi," ta wuce da bokitinta.

Wata ya ƙare. Yaya ta zo da hantsi, da kwali a hannu, ta huhhuda shi don iska. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Maman Auta ta riga ta yi wa magen wanka, ta busar da ita. Ta fito da ita rungume, ta zauna a dokin ƙofa.

"Yau kin gwada?" in ji Yaya.

"Na daina."

"Kin daina? Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Yaya ta dire kwalin. "Haba Mama! Sai daga baya ki ce an zalunce ta? Kawo nan in gwada a gabanki, kowa ya huta."

Ta tsuguna, tana kawar da fuska. Ba ta san inda ake kamawa ba, sai ta kama can sama, kusa da gindin wutsiyar, ta danna faratanta masu kaifi da haushin da ke cinta.

Magen ta ƙwalla ƙara. Ta murɗe kamar an watsa mata ruwan zafi, ta kai wa Yaya yakushi a bayan hannu, ta dira ƙasa gashinta a tsaye.

Babu wanda ya motsa. Jini ya fito a hannun Yaya, layi-layi, ba ta ko duba ba. Magen ta juya tana neman abin da ya cije ta. Ta ga wutsiyarta kwance a siminti, ta sunsune ta kamar baƙuwar da ba ta taɓa gani ba, sannan ta soma lasar wurin da aka mintsina, tana lasa tana hararar su.

"Mama," Yaya ta ce da ƙaramar murya. "Ta ji."

"Ta ji."

"Wallahi ta ji."

Maman Auta ta dafa ƙirji. Wani abu siriri da bai kai zare ba, a cikin duhun jiki inda babu hannun da ke kaiwa, yana ta tafiya a hankali duk kwanakin nan, har lokacin da ita ta fid da rai. Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya ji motsinsa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai hawaye.

Yaya ta zauna daɓas a ƙasa. Tana kallon hannunta ta ce, "In kin fita shanya, nakan yaye wa Auta bargo in mintsini babban yatsan ƙafarsa. Ko sau ɗaya bai juyo ba."

"Ni ma. In kin tafi gida."

Suka dubi juna. Ashe kowace tana yi a ɓoye don kar ta karya wa 'yar'uwarta zuciya.

Magen ta gama fushinta. Ta zo ta bi ta kan cinyar Yaya kamar hanya, ta bar mata ɗigo a siket, ta leƙa kwalin da aka kawo don a tafi da ita. Ya yi mata. Ta shige, ta zagaya, ta kwanta, wutsiyar na reto a waje.

Yaya ta dubi siket ɗinta, ta yi dariya cikin kuka. "Kin ga marar kunyar nan? Ta yakushe ni, ta yi mini fitsari, ta ƙwace kwalina."

"Fitsarin ƙila ya tsaya, ƙila ba zai tsaya ba," in ji Maman Auta. "Kar ki ce ban gaya miki ba."

Yaya ta share ido da bayan hannu, jini ya shafi kuncinta. Ta miƙe, ta tsaya a gaban labulen kaɗan, ta ja numfashi, sannan ta ɗaga shi ta shiga. Daga ciki muryarta ta fito.

"Mama, ina kike ajiye tsummokin?"